Kafin a zagi dikoda ko kamfanin sadarwa, a duba kanektar da ke bakin kebul

Duk shekara da zarar damina ta kankama, ƙorafi iri ɗaya ne ke cika guruf-guruf na WhatsApp da shafukan Facebook na masu harkar dish: hoto yana tsayawa, wasu tashoshi sun ɓace, dikoda ta rubuta babu sigina. Waɗanda suka ɗora wa rautarsu ta 4G eriya a kan rufi su ma suna da nasu kukan, wai sabis ɗin da aka samu a makon farko ya koma kamar ba a sa komai ba. Abin da ke biyo baya sananne ne. A zagi kamfani, a zagi dikoda, a sayo sabon LNB, wani ma har ya sake sayen rauta. Sau da yawa kuwa an bar jaki ne ana dukan taiki, domin matsalar tana cikin wani ɗan ƙarfe da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, wanda aka murɗa a bakin kebul aka naɗe da baƙin salatif.

Lokaci ya yi da za a daina sa kanekta mai murɗawa a duk wani mahaɗi da ke waje, inda rana da ruwa ke dukansa. Kanekta mai matsewa, wadda ake tura wa da na'urarta ta musamman, ita ya kamata ta zama mafi ƙarancin abin da mai gida zai yarda da shi, kuma ya yarda ya biya kuɗinta ba tare da dogon ciniki ba.

Kebul ɗin dish ba wayar wuta ba ne, kuma daga nan rashin fahimtar ke farawa. Wayar wuta buƙatarta kawai ƙarfe ya taɓa ƙarfe, kwan fitila ya kama. Shi kuwa wannan kebul, wanda ake kira kowaks, hawa huɗu ne: tsinken jan ƙarfe a tsakiya, farin soso da ya kewaye shi, sai siririyar takardar alminiyam da ragar ƙananan wayoyi, sannan baƙar rigar roba a waje. Wani Baturen Ingila mai suna Oliver Heaviside ne ya yi rajistar wannan tsari tun 1880. Sigina tana tafiya ne a filin da ke tsakanin tsinken da ragar, kuma girman wannan tazara da irin soson da ya cika ta su ne ke ba kebul ɗin ma'aunin da ake rubutawa a jikinsa: om 75 ga na talabijin irin RG-6 da RG-59, om 50 ga na rediyo da eriyar waya irin RG-58, RG-213 da LMR-400. Duk inda aka matse kebul, ko aka karya shi a kusurwa, ko aka haɗa shi haɗin gangan, ma'aunin wurin ya canza, wani ɓangare na siginar sai ya juya baya maimakon ya wuce. Ragar kuma katanga ce: tana hana siginar ciki fita, tana hana hayaniyar waje shiga. Kanekta ita ce wurin da ake yanke wannan katanga a sake ɗinke ta, shi ya sa ta fi ko'ina rauni a duk tsawon layin.

Kanektar da ke bayan kowace dikoda sunanta F. Eric Winston ne ya ƙirƙiro ta a farkon shekarun 1950 yana aiki da kamfanin Jerrold Electronics a Amurka. Dabararta ita ce ba ta da tsinke nata na kanta, tsinken kebul ɗin ne ke shiga rami kai tsaye. Wannan ya sa ta yi araha, amma kuma ya sa ingancinta ya rataya kacokan a hannun wanda ya feƙe kebul ɗin.

Mai murɗawa ita ce ta cika kasuwa. Zare ne a cikinta da ke cizon rigar roba, a murɗa da hannu, shi ke nan. Ba ta da abin toshe ruwa ko kaɗan. Zafin watan Maris da Afrilu yana sa roba ta saki, sanyin dare ya sa ta tsuke, iska ta yi ta kaɗa kebul, a hankali cizon ya sassauta. Akwai ta biyu da ake dantsewa da filaya mai kusurwa shida. Ta fi ta farko riƙo, sai dai tana mayar da kebul mai zagaye ya zama mai kusurwoyi, kuma ta waɗannan kusurwoyi ruwa ke samun hanya. Ta uku, mai matsewa, aikinta daban ne. Na'urar ba ta danna ta daga gefe, tura wani zobe take yi ta tsawo ya shige cikin jikin kanektar, ya kama rigar kebul ta kowane ɓangare daidai wa daida. Kebul bai canza siffa ba, raga ta haɗu da ƙarfe a duk kewaye, kuma bayan kanektar ya toshe. Irin su EX6 na kamfanin PPC da Snap-N-Seal su ne kamfanonin talabijin na kebul a Amurka suka daɗe suna ba ma'aikatansu, ba don ƙawa ba, sai don komawa gidan kwastoma sau biyu a kan aiki ɗaya asara ce gare su.

Batun ruwa ya cancanci a tsaya a kansa, domin mutane ba su cika yarda da irin ɓarnar da yake yi ba. Ragar da ke cikin kebul tana jan ruwa kamar yadda lagwani ke jan kananzir. Ɗigo kaɗan ya shiga ta bakin LNB, sai ya bi ragar ya yi ta gangarawa, wani lokaci har ya iso bayan dikoda a cikin ɗaki. Ragar alminiyam ta koma farin gari, tsinken tsakiya ya yi baƙi ko tsatsa. Abin da ke ƙara rura wutar shi ne kebul ɗin dish ba sigina kaɗai yake ɗauka ba. Dikoda tana aika wa LNB wuta ta cikinsa, bolt 13 ko bolt 18, gwargwadon rukunin tashoshin da ake kallo, tare da wani sauti na kilohaz 22 da ke zaɓar ɓangaren sama na zangon. Wuta da danshi idan suka haɗu a kan ƙarfe, cin ƙarfen yana sauri. Idan kuma tsatsa ta rage ƙarfin wutar da ke isa sama, bolt 18 ɗin ba ya isa cikakke, sai LNB ya kasa juyawa zuwa rukunin da aka nema. Shi ne dalilin da za a ga rabin tashoshi suna aiki lafiya, rabi kuma sun yi ɓatan dabo, mai gida ya rantse kamfani ne ya yanke masa.

A nan dole a yi wa kanekta adalci, ba kowane ɗaukewar hoto ne laifinta ba. Tauraron ɗan adam na talabijin yana aiko da sigina a zangon Ku, tsakanin gigahaz 10.7 da 12.75, kuma ruwan sama mai ƙarfi yana shanye wannan zango tun a sararin sama. Wannan babu kanektar da za ta hana shi. Bambancin mai sauƙi ne: idan hoto ya dawo da zarar hadari ya wuce, ruwan sama ne. Idan kuwa an ɗauke ruwa tun jiya, gari ya washe, amma ingancin sigina a allon dikoda bai koma inda yake a da ba, ko kuma kowane mako yana ƙara raguwa, to ruwan yana cikin kebul. Kuma mahaɗi mai kyau yana taimakawa ko a wancan na farkon. Siginar dijital ba ta dushewa sannu a hankali kamar ta tsohuwar talabijin mai yayyafi a fuska. Tana nan garau har sai ta sauka ƙasa da wani mataki, sai ta yanke gaba ɗaya. Wanda mahaɗansa suka riga suka cinye rarar da yake da ita, yayyafi kaɗan ya ishe shi. Mai gidan kallon ƙwallo da hotonsa ya daskare ana shirin buga fenareti ya san abin da hakan ke nufi, domin mako mai zuwa 'yan kallo suna gidan maƙwabcinsa.

Wani abu da zai ba masu wayoyin hannu mamaki: wayar da ke aljihu tana iya shiga tsakani. LNB yana sauko da siginar tauraro zuwa tsakanin megahaz 950 da 2150 kafin ya tura ta cikin kebul, kuma zangon 1800 da wani ɓangare na 2100 da wayoyin salula ke amfani da su suna cikin wannan fili. Muddin katangar kebul ɗin tana rufe, babu ruwan wani da wani. Idan kuwa raga ba ta kama kanekta sosai ba, wurin ya zama ƙaramar eriya mai ɗebo duk abin da ke yawo a iska.

Shi aikin sa mai matsewar ba wani sirri ba ne, minti biyu ya isa idan hannu ya saba. Da farko a cire dikoda daga wuta, saboda wutar nan da take aikawa sama. A yanke bakin kebul a miƙe. Sai a feƙe shi da abin fiƙa mai reza biyu wanda aka saita don RG-6: yana fitar da tsinke kimanin milimita 6, ya kuma cire rigar waje wasu milimita 6, wato kwatan inci sau biyu. Reza ta hannu tana iya yi, amma tana yawan yi wa tsinken rauni, kuma sigina mai wannan zango a fatar tsinken take gudu, ba a cikinsa ba. A kwantar da ragar baya a kan rigar roba, a bar takardar alminiyam manne da farin soso yadda take. Sai a duba da kyau kada ko silin raga ɗaya ya naɗe tsinken tsakiya. Sili ɗaya tak ya isa ya haɗa wutar LNB, dikoda ta fara gargaɗi ko ta ɗauke sigina ɗungurungum. A tura kanekta har farin soson ya zo daidai da gindin ramin idan an leƙa ta gaba, ba ya noƙe ciki ba, ba ya turo waje ba. Yawancin aikin da ke lalacewa a nan yake lalacewa, mutum ya gaji da turawa ya matse tun bai kai ba. Sannan a sa a na'ura a matse har zoben ya shige. Tsinken ya ɗan leƙo gaban goron da milimita 2 zuwa 3. A ja da hannu da ƙarfi. Idan ta fita, dama ba ta kama ba.

Masu tallar wannan kanekta suna son cewa ba ta shan ruwa, a tsaya nan. Gaskiyar ita ce bayanta ne ya toshe. Gaban, wurin zaren da ake ɗaurawa a jikin LNB, yana buƙatar nasa tsaron. A ɗaure da hannu, a ɗan ƙara kaɗan da sifana mai lamba 11, ban da a bayan dikoda inda hannu kaɗai ya isa. Sai a naɗe da tef ɗin roba mai narkewa ya haɗe da kansa idan an ja shi, a rufe shi da baƙin salatif don kare shi daga rana. Baƙin salatif shi kaɗai ba ya kai bazara biyu, gamsa yana narkewa ya buɗe, ya koma aljihun tara ruwa da ƙurar hunturu. A kuma bar wa kebul ɗan lanƙwasa ƙasa kamar harafin U kafin ya shiga bango, domin ruwan da ya biyo jikinsa ya ɗiga a waje.

Kanekta mai kyau a kan kebul marar kyau ɓata kuɗi ne. Wanda ya je sayen kebul a Sabon Gari a Kano ko wata kasuwar kayan lantarki ya nemi a yanko masa ɗan guntu ya feƙe a gaban mai shago. Idan ragar 'yan siloli ne da za a iya ƙirgawa, a bar shi. Maganaɗisu kuma yana faɗin gaskiya game da tsinken: idan ya kama, ƙarfe ne aka yi wa rufin jan ƙarfe. Irin wannan ba jabu ba ne, yana ɗaukar sigina lafiya, amma ya fi zallan jan ƙarfe tauye wutar LNB idan layin ya yi tsawo.

Masu rauta lissafinsu ya ɗan bambanta, kuma a nan mai matsewa ba ita ce amsar komai ba. Ramukan eriya da ke jikin rauta da ƙananan MiFi yawanci SMA ne ko TS9, na om 50, kuma ƙanana ne ƙwarai. Gara a sayi kebul da aka riga aka sa wa kai daga masana'anta da a ce za a haɗa a gida. Babban abin da ke cinye su shi ne tsawon kebul. A zangon megahaz 1800, mita 10 na siririn RG-58 yana cinye fiye da rabin siginar da eriya ta kamo, alhali LMR-400 mai kauri a wannan tsawo asararsa ba ta kai desibel 2 ba. Mutum zai iya sayen eriya mai tsada ya ɗora a saman bene, ya jawo mita 15 na siririn kebul, ya ƙare da abin da bai fi eriyar cikin rautar ba. Dabarar da ta fi ita ce a kai rautar kusa da eriya, kebul ya zama gajere, sannan a sauko da intanet ɗin ta wayar LAN ko ta Wi-Fi. Masu rubuta manhaja suna da ɗabi'ar da ta dace a ara a nan: idan abu ya ƙi aiki, ana fara bincike ne daga matakin da ya fi ƙasa kafin a taɓa saituna. Sake kunna rauta sau goma ba ya cire tsatsa daga mahaɗi.

Waɗanda suka fi kowa ɗaukar wannan batu da zafi su ne masu rediyon sha'awa, waɗanda duniya ta sani da ham, mutanen da ke karɓar lasisi su kafa tasharsu a gida su yi magana da takwarorinsu na wasu ƙasashe. Alamar kiran na Najeriya tana farawa da 5N, ta Nijar da 5U. Su ba saurare kaɗai suke yi ba, suna aika wuta mai ƙarfi ta cikin kebul, sau da yawa wat 100. Mahaɗi marar kyau a wurinsu yana yin zafi, yana mayar da wuta baya cikin na'ura, kuma mitar da suke auna wannan komawa da ita tana tona asirinsa nan take. Kanektarsu ta gado ita ce PL-259, wadda ta fito daga kamfanin Amphenol tun shekarun 1930, kuma an saba liƙa ta da dalma. Dattawan harkar da yawa har gobe ba su yarda da abin da ba a narka masa dalma ba. Hujjarsu tana da ƙarfi idan gwani ne ya yi aikin. Matsalar ita ce liƙa raga ta cikin ƙananan ramukan PL-259 yana buƙatar zafi mai yawa, kuma sabon shiga yakan narkar da soson ciki, tsinke ya karkace ya kusanci raga, a waje kuwa komai ya yi kyau. Shi ya sa nau'in da ake dantsewa da wanda ake matsewa da goro da zoben roba suka samu karɓuwa a cikinsu. Abin da ya sa suka fi ba wai sun fi dalmar gwani ba ne. Sakamakonsu ne iri ɗaya a hannun kowa. Ga zango mai tsawo kuma sukan koma kanektar N, wadda Paul Neill ya tsara a Bell Labs a shekarun 1940, mai riƙe ma'aunin om 50 har cikin gigahaz.

Matashin da ke da wayar Android yana iya leƙa wannan duniya da kayan dish na gida. Akwai ƙaramar na'ura mai kama da filash da ake kira RTL-SDR, wadda ake haɗawa da waya ta kebul ɗin OTG, tana kama daga wajen megahaz 24 zuwa kusan 1700. A Nuwamban 2018 ƙasar Katar ta harba tauraron Es'hail-2, wanda ke tsaye a digiri 25.9 gabas, dab da inda ake juya dish don kama Arabsat, kuma yana ɗauke da sashen masu rediyon sha'awa da ake kira QO-100. Yana rufe Afirka gaba ɗaya, daga gabashin Burazil har Tailan. Siginarsa tana saukowa a wajen megahaz 10489.5, LNB na gida ya rage 9750, ta koma kusan 739.5. Dikoda ba ta kai nan ƙasa ba, amma RTL-SDR tana kamawa, in an samar wa LNB wutarsa ta wata 'yar na'urar cusa wuta a kebul. Daga faranti har ɗaki RG-6 ne da kanektar F. Bambancin om 75 da om 50 a nan ba abin damuwa ba ne, kashi 4 cikin 100 na ƙarfin siginar kawai ke komawa baya. Mahaɗi ɗaya mai tsatsa ya fi wannan ɓarna nesa ba kusa ba. Aikawa kuwa sai da lasisi.

Masu sa dish suna da abin cewa, kuma ya kamata a saurare su. Na'urar matsewa da abin fiƙa kuɗi ne. Kanektar ta fi mai murɗawa tsada, kuma sau ɗaya ake amfani da ita. In an yi kuskure sai a yanke a jefar. Tana da zaɓen kebul: ta RG-6 ba ta kama RG-59, kuma kebul mai raga ninki huɗu yana son tasa, ko wadda aka yi don ta dace da duka. Akwai ma na bogi masu siffar mai matsewa amma zobensu yana tsagewa a matsar farko. Sama da duka, kwastoma ne ke taya aikin har sai ya kai ƙashi, sannan ya yi mamakin ganin an sa masa mafi arahar kaya. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma rabin laifin yana wuyan masu gida. Sai dai dish na gida ɗaya kanekta biyu ne zuwa huɗu. Ko an ninka kuɗin kowace sau da yawa, jimillar ba ta kai kuɗin sabon LNB ba, balle a haɗa da ladan wanda zai sake hawa rufi, balle nadin kebul da ruwa ya riga ya lalata. Araha ba ta ado. Na'urar kuma sau ɗaya ake saye, kuma mai sana'ar da ya nuna wa kwastoma kanektoci biyun a tafin hannu ya bayyana bambancinsu yana da hujjar ƙara kuɗin aikinsa.

Mai murɗawa tana da sauran gurbi: a cikin ɗaki, a bayan talabijin, ko a daren da kebul ya tsinke ana tsakiyar wasa babu na'ura a kusa. A kan rufi ne ba ta da wurin zama. Wanda dish ɗinsa ko eriyarsa ta kwana biyu a sama, watannin rani kafin ruwan farko su ne lokacin dubawa: a cire dikoda daga wuta, a lura da wayoyin lantarki da ke kusa da rufin kafin a ɗaga tsani ko dogon ƙarfe, a kwance salatif a kalli tsinken. Idan ya yi baƙi ko an ga farin gari a raga, canza kanekta kaɗai ba zai wadatar ba. A yi ta yanke kebul ɗin baya har sai an iso inda ƙarfen ke ƙyalli, daga nan a sa sabuwa.